Kada Ki Aiko da Gwangwanin Rediyon Baba Alhaji

Assalamu alaikum Ummi, ɗiyata. Ina fatan kin tashi lafiya. Ya baƙunta, ya ruwan Sabuwa, ya karɓe ki ko? Ki gaida mani Baba Alhaji da Hajiya, ki ce ina yi masu ban gajiya da godiya. Ki gaida mijinki. Allah Ya tsare ku ciki da waje, Ya tsare ku a gona da kasuwa da kan hanya, Ya rufe idon mugu daga gidan nan naku, amin.

Ranar da motarku ta ɗaga daga nan Ƙanƙara wallahi ko ruwa bai wuce mani ba. Kin san hanyar nan, ba sai na faɗa ba. Wayar tana hannuna har a banɗaki. Sai da Goggonki Rabi ta kira ta ce kun wuce Faskari na iya zama, da ta sake kira ta ce ga ku a ƙofar gida ana guɗa, nan na ji yunwa ta taso mani gaba ɗaya, na cinye tuwon da na ajiye wa Babanku. Alhamdu lillahi. Wannan ya wuce.

Nasihar zaman aure goggonninki sun yi maki har muryarsu ta dushe, ni ba zan ƙara ba. Abin da suka ce ki riƙe. Tawa maganar ta wayar naɗi ce da gwangwanin cikin rediyo, don ita ce ta hana ki barci, ita ce kuma na sani.

Goggo Rabi ta ba ni labarin komai da ta dawo. Ta ce ana jeren kayan ɗaki aka kwance buhun nan, sai ga keken naɗin da Babanku ya haɗa maki da kan tsohon keken ɗinki. Hajiya ta zagaya shi ta murɗa hannun ta ce, "Madalla, amarya ta zo da injin taliya, amma ta ina ƙullun ke shiga?" Aka yi ta dariya. To da Goggonki ta yi shiru da shi ke nan. Amma kin san bakinta. Ta ce ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Hajiya, taliya kuma? Ɗiyarmu mataccen rediyo take tayarwa. Ubanta ke gyara, uwarta ke naɗa kayan ciki, ita a tsakaninsu ta tashi." Kafin a yi la'asar magana ta kai zaure, Baba Alhaji ya aiko da nashi rediyon naɗe a cikin ƙyalle, mai rigar fata, wanda aka ce tun yana saurayi ya saye shi, ya ce a ba amarya. Na ce mata, Rabi kin kyauta, kin ɗora wa yarinya dutse kin hau mota kin dawo gida. Ta ce, "To ƙarya na yi?"

Shi ya sa da kika kira ni shekaranjiya kina magana ƙasa-ƙasa, kina cewa Inna na buɗe, farin gwangwanin ne aka caka wa wuƙa ya fashe, wayar ciki ta tsinke, zan ba direba ya kawo maki ki naɗa ki maido, kar a sani, ban yi mamaki ba. Na ji muryarki, kuka ne a kusa. Kika ce duk wanda ya shigo gaida amarya sai ya tambaya ko rediyon ya yi magana. Kika ce Baba Alhaji bai ce komai ba, amma kullum in ya dawo daga masallaci sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofarki ya yi gyaran murya. Na ce maki to, ki aiko. Na faɗa da bakina.

Yanzu ina cewa kada ki aiko. Ki bari in gaya maki abin da ya faru jiya tukuna kafin ki ɓata rai.

Wani mutumin Yankara, Malam Sule mai goro, ya kawo rediyonshi tun wancan makon, irin matsalar taki ce, na riga na naɗa na ajiye a farin kwano. Jiya da hantsi na shiga maƙwabta suna. Ashe ina fita ya iso, yana sauri, wai zai koma kafin rana ta yi ƙasa. Babanku ya shigo ɗaki da kanshi neman kwail, wato naɗin da na yi. Kin san idonshi yanzu, hannu ne ke gani. Ya laluba kan kabad bai ji farin kwano ba, don na mayar da shi cikin taskira saboda ƙura, sai hannunshi ya faɗa cikin shuɗin kwanon nan. Kin gane shi ai. Wanda nake jefa naki a ciki duk lokacin da na ce ya karkace, ko ya yi tudu a gefe, ko bai yi kyau ba.

Ya ɗauki guda, ya sa a gwangwani, ya liƙe da dalma, ya murɗa.

Ina dawowa tun daga bakin zaure na ji rediyo na magana tangaram, babu shuu babu kuka. Malam Sule na ta washe baki. Babanku ya ce mani, "Ke, wannan karon hannunki ya faɗa daidai, ban sha wahalar saiti ba ko kaɗan." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na shiga ciki, sai na ga taskira a rufe yadda na bar ta, na buɗe, ga nawa yana zaune a farin kwano. Na fito da gudu na ce Malam daga ina ka ɗauka? Ya ce, "Daga kwano mana." Na ce wane kwano? Ya ce, "Yo ni kala nake gani?" Na sa ya ɗaga murfin gwangwanin na duba. Koren zare ne a ɗaure a bakin wayar. Ni da farin zare nake ɗaurewa, ke ce mai kore, ragowar ɗinkin hula.

Na ce Malam wannan na Ummi ne, cikin waɗanda na zubar. Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce wa Malam Sule, "Ka ji, na shara muka sa maka." Malam Sule ya rungume rediyonshi ya ce, "A bar mani sharar nan haka, kar wanda ya taɓa."

Bayan ya tafi muka juye shuɗin kwanon a kan tabarma. Akwai wani tsohon rediyo da Babanku ke gwaji da shi, muka yi ta sawa muna cirewa har aka kira azahar, muka yi salla muka ci gaba. Ummi, yawancinsu sun yi. Akwai waɗanda ba su yi ba, na farkon koyonki ne, su ma na ga dalili. Amma yawanci sun yi, wani ma ya fi nawa ƙarfi. Babanku duk wanda ya yi magana sai ya ce, "Wannan ma ya karkace ko? Allah Ya ba mu karkatattu." Na ce ya ishe ni haka. Amma a raina wani sanyi ne ya sauka, irin na ranar da aka ce kun isa lafiya.

Kin ga kuskurena ke nan, kuma sai jiya na gan shi. Ni da ido nake auna naɗi. Uwata kaɗi ta koya mani, a wurinta zaren da bai kwanta sumul a jikin mazari ba, ba zare ba ne. Da wannan idon na zo wa waya. In kin naɗa sai in karɓa in juya in ce kawo nan, in warware ko in jefa a kwano in yi nawa. Ban taɓa cewa kai wa Babanku ya gwada ba. Shi ya sa kika bar gidan nan ba ki taɓa jin naki ya yi magana ba, shi ya sa kika ga gwangwani ɗaya ya fashe kika nemi direba. To rediyo ba ya kallo, ji yake yi. In Allah Ya ba ki masu koyo a hannunki, ko 'ya'yanki ko na wasu, kar ki yanke hukunci a hannu, ki sa a rediyo, shi zai faɗa.

To yanzu ki zauna ki yi abinki. Zan jero maki inda ni na faɗi, ki tsallake.

Da farko in Baba Alhaji ya tambaye ki me ya mutu, kar ki ce mashi ayafti yadda Babanku ke kira, ba zai gane ba sai ya ɗauka babban abu ne. Ki ce mashi akwai 'yan gwangwanaye uku a ciki, kamar rariya suke, muryar da rediyo ya kamo sai ta bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya su tace ta, su zubar da hayaniya da sauran tashoshi. Na tsakiya ne ya yage, za a saƙa sabo. Ki ce zai ɗauki lokaci. Kar ki sa mashi rana. Ni na taɓa cewa wani gobe, goben ta zo waya ta ƙare mani, mutumin ya kwana biyu yana zarya daga ƙauye a wannan hanya, har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Ki ce in Allah Ya yarda, shi ke nan.

Sai warwarewa. Kar ki yi saurin tuge tsohuwar wayar don ta mutu, ita ce za ta gaya maki komai. Kafin ki taɓa, ki zana ƙafafun gwangwanin da gawayi a bayan faranti, ki sa alama wace waya ta tafi wace ƙafa. Sannan ki warware a hankali kina ƙirgawa, ki lura ta wane gefe aka zagaya, hagu ko dama. Za ki zo inda aka fito da reshe zuwa ƙafar tsakiya, ki tsaya nan ki ware lissafin, sannan ki ci gaba. Akwai kuma ƙaramin naɗi na biyu, shi ma lissafinshi daban. A gindin akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, kwandansa ce, in kika ɓalle ta kin ƙara wa kanki aiki.

Maganar ƙirga kuwa, a nan za ki sha wuya, don ke amarya ce, ƙofarki ba ta hutawa. Ba yadda za a yi a yi maki sallama ki ƙi amsawa, kuma kin san gaisuwarmu, ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida, ya wajen su Inna, kafin a kai ƙarshe lissafi ya tashi. Ni da na fara, da ka nake riƙewa, ana sallama in amsa in dawo in rasa inda nake, sai in ce ai kusan nan ne in ci gaba. Kusan nan ɗin nan ya sa Babanku ya murɗa dutsen saitin da ke cikin gwangwani har ƙarshe bai samu murya ba. Sai na yi dabara, duk zagaye goma in ɗauki ƙwayar masara daga wannan kwano in jefa a wancan. Ya yi kyau ƙwarai. Ran nan na yi nisa, marigayiya kakarku ta shigo, na tashi na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa, ina juyowa sai ga kaza a kan kwanon tana ɗaga wuya. Ta cinye lissafin kaf, har da na ɗayan kwanon. Kakarku ta ce, "Yanka ta ki ƙirga." Tun daga ranar na koma 'ya'yan tsamiya. Kin gan ni da su kin ɗauka ra'ayi ne, to kaza ce. Kuma in an yi sallama kina tsakiyar goma, ki danne wayar da babban yatsa, ki amsa sallamar kawai, ki cike goman ki jefa tsamiya, sannan ki tashi a yi gaisuwa mai tsawo. Ba wanda zai ce kin yi rashin kunya don ɗan wannan. In Hajiya ce da kanta, to ki saki komai ki tashi, ki sake daga farko, waya ba ta fi ta ba.

Kar ki ja waya. Zare ana jan shi ya ƙara ƙarfi, waya in kin ja sai ta sirance ta mutu a ciki ba ki sani ba. Ki bar ta ta bi ta tsakanin yatsu kamar kina tsefe wa jariri kai. In kuma ta tsinke a tsakiya, don Allah kar ki yi abin da na yi. Naɗina na farko a duniya, waya ta tsinke, na kama bakin biyu na ƙulla, ƙulli mai kyau irin na masu kaɗi wanda ko da allura ba za ki gane wurin ba, na ci gaba. Babanku ya sa mitar gwajin wuta, allura ba ta motsa ba. Ya warware ya iso wurin ya tsaya yana kallo, lokacin idonshi garau. Ya ce, "Wannan mene ne?" Na ce ƙulli. Ya ce, "Wutar za ta kwance shi ne ta wuce?" Ashe wayar riga gare ta, wani fenti da ido ba ya gani, in ba a kankare ba ko kin ƙulla ba su haɗu ba. Shi ma haɗin da dalma a tsakiyar naɗi ba na so, tudu yake yi. Ta tsinke, ki warware ki ɗauko sabuwa. Bakin da zai hau ƙafa kuwa ki goge shi da samfefa mai laushi har ki ga jan ƙarfe na ƙyalli. Ban da reza. Reza tana yi mata rauni, ba za ta karye a gabanki ba sai rediyo ya hau babur.

Wani abu kuma, kar ki lashi yatsa. Na san kina yi, a wurina kika gani, ni ma wurin zare na ɗauko. Na yi wata damina guda ina laƙuta miyau ina kama bakin waya, kafin kaka rediyoyin suka fara dawowa, wurin haɗin ya yi kore ya rube. Haka in kin fito daga girki, gishiri da mai a hannu, ki wanke da sabulu ki bari ya bushe sarai. In zufa ce ta dame ki ki shafa alli kaɗan ki kakkaɓe. Mafi kyau ki yi naɗi da safe bayan kin gama shara, haske ya fito, hannu bai ɗumi ba.

Sai kaki. Wannan kin sha jin labarin ana tsokanata da shi amma ba ki san yadda aka yi ba, kina goye. In an gama naɗi ana ɗiga mashi kaki don kar ya motsa, kar raɓa ta shiga. Kyandir na yi amma da zafin bazara narkewa yake ya zube, kakin zuma ya fi. Sai na sa aka sayo mani wurin wani mai zuma na Yargoje, na narka na ɗiga haka nan yadda ya zo, har ina jin daɗin ƙamshi. Rediyon wani dattijo ne daga Faskari. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo, ya riƙo rediyon da yatsu biyu can nesa da jikinshi, ya ajiye a zaure ya ce, "Malam, gyara na kawo maka ko kiwo?" Ana buɗe baya, kiyashi, Ummi, baƙi ƙirin, har da ƙwai sun yi. Ya ce da yana sa shi a kan matashi yana saurare, sai da suka shiga mashi kunne. Ni ina bayan ƙofa ina ji, ƙasa ta ƙi buɗewa in shige. Zumar da ta rage a kakin ce. To ki dafa kaki a ruwa, ki bari ya huce ya taso sama, ki ɗauke ki kankare gindin ki zubar da ruwan, ki sake, har sai kin ɗanɗana ruwan kin ji ba zaƙi. Kuma ɗigo ɗaya ya isa, kar ki yi mashi wanka. Kar kuma ki ɗiga sai kin gwada ya yi magana, in ba haka ba warwarewa za ta zama azaba.

Baƙin dutsen cikin gwangwanin da ya fashe ba ya gyaruwa, kar ki ɓata lokaci da gam, za a sa wani. Wanda ya fasa shi da wuƙa ban ga laifinshi sosai ba, kowa in ya buɗe rediyo ya ga abu mai tsaga a ka sai ya ji yana son murɗawa. Ke dai ban da ƙarfe. Ko bai fasa ba, ƙarfe na ruɗa shi, za ki ji murya ta fito ki zare sukundireba ta gudu. Ki fere tsinken gora ya yi baki kamar sukundireba, da shi za ki yi. Ki nemi tasha mai rauni, wadda ake ji can ƙasa-ƙasa, ba mai ƙarfi ba, mai ƙarfi ko ba daidai ba za ta yi ihu ta yaudare ki. Ki murɗa kaɗan kaɗan kamar kina ƙara gishiri a miyar baƙi. Murya za ta hau, ta hau, sai ta fara sauka, to ki dawo inda ta fi. In ya yi fito kamar tsuntsu, duba murfin gwangwanin, bai kama jikin rediyo ba, ko kin juya ƙafafun ƙaramin naɗin.

Farin gwangwanin kaɗai za ki taɓa tukuna. In ya yi magana, sannan ki ɗan gwada baƙin da mai ruwan ɗorawa, kaɗan, don su daidaita da sabon. Jan gwangwani kuwa, na huɗu, wanda ke can gefe shi kaɗai, ki yi kamar ba ki gan shi ba. Na taɓa murɗa ja don karambani Babanku ya tafi jana'iza, murya ta fito kuwa, na yi murna aka ba mai shi. Washegari ya dawo ya ce tasharshi ta yi ƙaura. Tsofaffin nan ba lamba suke karantawa ba, sun san inda allura ke tsayawa, wani ma ya karce wurin da farce. Ki duba gilashin na Baba Alhaji da kyau, na tabbata za ki ga alamarshi. In kin maido mashi muryar amma ba a inda ya bar ta ba, a wurinshi ba rediyonshi kika maido ba.

Ranar gwaji kar ki tara jama'a. Ki rage ƙarar, ki ji ke kaɗai tukuna. In bai yi ba ba wanda ya sani, ki warware ki sake, ni Allah kaɗai Ya san nawa na warware. In ya yi, ki kashe, ki mayar mashi da rigarshi, ki goge, ki ba mijinki ya kai, ko ki bi shi ki durƙusa daga gefe. Ki bari shi Baba Alhaji ya kunna da hannunshi. Kuma fasasshen dutsen da tsohuwar wayar ki ƙulle a takarda ki haɗa mashi. Na taɓa share na wani na zubar, ya ce a ba shi kayanshi, muka wuni muna tonon juji ni da yayarki. Abinsu ne, sun daɗe tare.

In ya miƙo maki wani abu kar ki karɓa, uba ne. Amma maƙwabta in sun fara kawowa, kuma za su kawo, don tun lokacin da aka yanke sabis ɗin waya kowa ya tono tsohon rediyonshi bai sake yarda ya mayar akwati ba, to wannan sana'a ce, ki yi shawara da mijinki yadda za ku tsara. Shi ya riƙa karɓa a waje yana shigo maki da su. Kar in ji an ce kin hau mota zuwa wata kasuwa neman waya ko matattun rediyoyi. Abin da kike so ki faɗa, akwai masu zuwa.

Na san za ki karanta wannan ki ce Inna ta yi mani alkawari ta saɓa. Eh na saɓa. Da jiya ba ta faru ba da yanzu ina zaune ina jiran gwangwaninki, in naɗa in aika, a yi ta sa maki albarka, na biyu ya zo ki sake neman direba, na uku ma haka, kina zaune a gidan mutane da tsoron ranar da mota ba za ta tashi ba. Ba zan yi maki haka ba bayan abin da kunnena ya ji.

Direban dai zai zo, ranar kasuwa, ki sa mijinki ya tare shi a tasha. Akwai leda. Na sa maki waya irin siririyar nan wadda ta ishe ki ki ɓata ki sake, da kakin da na dafa da kaina, da baƙin dutse guda biyu da Babanku ya ciro daga wani mataccen rediyo irin wannan, da daddawa da kuka, da ɗankwalinki da kika manta a igiya. A can ƙasa za ki ga ƙullin ƙyalle, ki buɗe a hankali. Gwangwanaye ne biyu matattu, na mutanen da ke jira a nan. Ni na ce zan yi, Babanku ya ce a'a, idona ni ma ya fara yaji da rana, kuma shi ba zai koma shan wahalar saiti ba alhali akwai mai hannu a Sabuwa. In kin gama da na Baba Alhaji ki naɗa mana su ki ba direba. Ba gaggawa, amma ɗayan mai shi akwai mita, kar ya wuce kasuwa biyu.

Allah Ya yi maki albarka Ummi, Ya sa hannunki ya zama sanadin alheri a gidan nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da duk ƙauyukan da ke tsakani, wanda ya fita Ya maido shi, wanda ya kwanta Ya tashe shi lafiya. Babanku na gaishe ki, ya ce ki ɗaure da koren zare don ya san na wa zai yaba.

Wassalam, Innarki.